Ragon Uwargida a Shafin Intanet

Abin ya faru ne a shekarar da raƙumi ya zuro kai ta tagar ajinmu na yaƙi da jahilci, ya ɗauke soson goge allo, ya tafi yana tauna. Duk wanda ya zauna a ajin nan na bayan kasuwar Tanut ya san shekarar, domin tun daga ranar da hular malaminmu aka riƙa goge allo har aka tashi hutu. A lokacin ina haɗa baƙi a hankali. Ina iya karanta sunan gari a jikin mota idan motar ta tsaya. Idan tana tafiya, sai dai in gane ta da fuskar direba.

Sana'ata dillancin dabbobi, ita ubana ya yi. Na san makiyaya daga Tarka har Belbeji, su ma sun san ni, kuma ban taɓa tunanin sana'ar nan tana bukatar wani abu da ya wuce sanda da haƙuri ba. Sai ga ƴar ƙanwata ta gama karatu a Damagaram ta dawo gida da kwamfuta a jaka. Tare suka gama da wani ɗan unguwarmu, dogo, marar yawan magana, wanda tun daga tasha aka fara kiransa Injiniya. Bayan kwana kaɗan suka same ni a zaure ina bitar karatuna.

"Kawu, kamfani za mu buɗe," in ji ta.

"Na mene ne?"

"Na sayar da raguna."

"To ai shi nake yi tun ba a haife ki ba."

"Kai kana sayar wa wanda ya zo ne, Kawu. Mu za mu sayar wa wanda bai zo ba."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ma'aikatan Damagaram, in ji ta, duk shekara suna kuka da ragon layya, domin kafin ya iso gare su ya bi ta hannu da yawa. Za su gina shafi a intanet, a sa hotunan ragunan Damargu. Mutum yana zaune a bironsa, wato ofishinsa, zai duba a wayarsa ta salula, ya zaɓi wanda ya yi masa, ya danna wani wuri da aka rubuta "Na kama". Ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah sai ya hau mota ya zo Tanut, ya karɓi ragonsa daga hannun makiyayi. Injiniya zai gina shafin. Ita za ta zama shugaba, ta nemo masu saye. Ni kuma, tunda ni na san masu ragunan, an naɗa ni darektan kasuwa.

Shagon da ke jikin zaurena, inda uwargida ke ajiye harawa, shi ya zama biro. Aka kwashe harawar, aka sa tebur. Na tambaya ko darekta ne zai ci gaba da share wurin, aka ce ƙwarai kuwa. Tun daga ranar nake kiran ƴar ƙanwata Shugaba, da farko don tsokana, daga baya bakina ya saba.

Ba mu kaɗai ba ne masu fasaha a gari. Akwai fadar da ke haɗuwa kowace Juma'a bayan la'asar a ƙofar mai gyaran salula, ana dafa shayi. Mai gyaran yana nan, da mai cajin batir, da mai fotokofi, da wani mai sayar da panon sola wanda bai taɓa yarda an gama magana ba tare da ya ce rana kyauta ce ba. Su ne suka karɓe mu hannu biyu. Duk abin da Injiniya ya gina cikin mako, ranar Juma'a sai a kai fada a buɗe, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mai fotokofi ya so a sa wa shafin launin tuta. Mai caji ya so idan an buɗe rago ya yi kuka. An gwada kukan, amma saboda rashin ƙarfin rezo, wato sabis na waya, sai ya riƙa fitowa a gutsure, kamar ragon yana shaƙuwa. Aka cire.

Shafi ya tsaya da ƙafarsa, saura hotuna. Na hau bayan Injiniya a babur muka nufi Tarka, wajen wani makiyayi da muka daɗe muna ciniki. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan na faɗi abin da ya kawo mu. Ya saurara, ya dubi salular da ke hannun Injiniya.

"Wa zai ga hoton?"

"Duk duniya, Baba," in ji Injiniya, har da ɗaga kai.

Mutumin ya miƙe tsaye a hankali, ya je ya tsaya tsakaninmu da garkensa, ya buɗe hannayen rigarsa.

Laifina ne da ban gargaɗi Injiniya ba, ko kuwa laifin karatu ne da ya mantar da shi, ban sani ba. A ƙasar nan ba a nuna dabba mai kyau. Mutum ɗaya ya dubi ragonka ya ce kai, wannan ya yi ƙiba, bai ce tubarkalla ba, gobe sai ka tarar ragon ya ƙi cin abinci. Baki ke nan, kowa ya sani. Shi ya sa idan ka tambayi makiyayi lafiyar garkensa zai ce maka ƴan ƙasusuwa ne kawai suka rage. To ga yaro ya zo yana cewa zai tara idon duk duniya a kan rago ɗaya.

Da na matsa, saboda tsohuwar amana, makiyayin ya shiga garke ya jawo wata tsohuwar tunkiya mai tari, gashin bayanta ya zube.

"Ku ɗauki wannan," ya ce. "Ita babu abin da zai ƙara samunta."

Haka muka yi ta yawo. A Belbeji an ba mu cuku, an hana mu hoto. A Ollelewa wata tsohuwa ta rufe ragonta da zane tun muna nesa. Muka dawo da hoton tunkiya mai tari da na wani jaki da ya shigo gaban salula da kansa.

Shugaba ta dubi hotunan nan. Ta riga ta zagaya birori a Damagaram ta yi wa mutane alkawari. Ta ce ko rago ɗaya ne mai kyau a samu a sa, don makiyaya su ga babu abin da zai faru. Tana faɗin haka, daga cikin gida aka ji wani kuka mai kauri. Muka dubi juna.

Uwargida tana da rago. Ba ni da ko gashi ɗaya a jikinsa. Da sana'arta ta ƙuli-ƙuli ta saye shi yana ɗan ƙarami, ta turke shi a lungun bayan ɗakinta, inda ko maƙwabta ba sa gani. Dusa da kanwa, harawa, ƙasarin gero, har ɓawon wake tana ware masa. Fari ne tas, sai baƙin zobe da ya kewaye idonsa na hagu, kamar ya fara sa kwalli aka kira shi. Ƙahonsa ya murɗa ya sake murɗawa. Tun da muka yi aure layyar da nake yi ita ce ta gida duka, ita kuwa burinta ta yi tata ta kanta ko sau ɗaya, da dabbar da ta yi kiwo da hannunta, ta aika wa ƴan uwanta cinya ta ce daga gare ni. Wannan ragon shi ne layyar. Shekarar nan ce shekarar.

Muka shiga cikin gida. Shugaba ce ta wuce gaba, ta durƙusa gefen turmin uwargida.

"Inna, hoto ɗaya tak."

"Ku ɗauki kawunki. Shi ma yana da gemu."

"Inna, ba sayarwa za a yi ba. Misali ne kawai."

"Misali a kan ragona? Idan wani mai baƙin ciki a Yamai ya gani ya ce kai, wa zai ce masa ya yi tubarkalla? Ke?"

Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa. Sai ya ce, "Ana iya tilasta masa."

Duk muka juya.

Ya ce zai sa labule a kan hoton. Duk wanda ya buɗe shafin ba zai ga rago ba, sai koren labule, a tsakiyarsa an rubuta Tubarkalla. Sai mutum ya danna kalmar sannan labule ya yaye. Wanda bai danna ba, ko shekara zai yi yana kallo, labule zai gani.

Uwargida ta ajiye taɓarya. Ta sa ya maimaita. Sannan ta kafa sharuɗɗanta: ba a sayar da shi, ba a faɗin gidan da yake, kuma ba mai shigowa kallonsa. Muka amsa duka.

Ranar Juma'a aka kai labule fada, kuma ban taɓa ganin an bar shayi ya huce kamar ranar ba. Mai gyaran salula ya ce rabin wayoyin da ake kawo masa gilashinsu a fashe yake, suna danna abu da kansu a aljihu. Idan waya ta danna tubarkalla ba da sanin mai ita ba, ta karɓu? Mai caji ya ce yatsa ba harshe ba ne. Mai fotokofi ya ce shi a wurinsa abin da aka rubuta ya fi abin da aka faɗa ƙarfi, shi ya sa ake zuwa shagonsa. Mai pano ya fara cewa rana kyauta ce, aka ce ya dakata. Da gardama ta ƙi ƙarewa muka kwashi salula muka tafi wajen limamin unguwa.

Liman ya sa tabarau, ya danna, labule ya yaye, ya ga rago. "Tubarkalla masha Allah," ya ce da ƙarfi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce shi a ganinsa ba laifi, amma ya fi kyau harshe ya raka yatsa. Injiniya ya ƙara layi a saman labule: "Faɗa da baki kafin ka danna." Wannan layin ni aka ba in gwada, aka ce idan na karanta shi ba tare da taimako ba, to kowa zai iya. Na karanta. Na ɗan tsaya a "kafin", amma na wuce.

Shugaba ta koma Damagaram neman masu saye, ta bar mu da neman raguna. Uwargida kuwa kullum da safe sai ta duba ragonta tun daga haƙori har kofato. Mako ya wuce, wani ya bi. Rago yana ci, yana sha, yana ƙara faɗi. Injiniya ya ce mutane da dama sun yaye labulen.

Da wannan labari muka koma Belbeji. Wani dattijon makiyayi, wanda idan ya yarda da abu sauran sukan bi, ya karɓi salular, ya ce tubarkalla, na kama yatsansa na danna masa. Ya dubi ragon uwargida.

"Tun yaushe yake nan ciki?"

Na faɗa masa.

"Kuma yana cin abinci?"

"Fiye da ni."

Ya gyaɗa kai. "To wannan ya riga ya sha ido, jikinsa ya saba. Ina da raguna uku irinsa. Me zai sa a fito da su? Ku sa hoton wannan a madadinsu."

Injiniya ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu.

"Ɗana, idan za ka sayi buhun gero, buhun ake zazzage maka? Ɗan tafin hannu ake ɗebowa a nuna maka. Wannan shi ne tafin hannun."

Na juya maganar a raina ban ga inda ta karkace ba. Haka ake ciniki tun kakanni. Ragunansa na san su, na shafa bayansu, ba su gaza na uwargida da komai ba. Kuma wane mai hankali ne zai ga hoton rago a fili ya ɗauka ainihin ragon ne aka nuna masa? Kowa ya san ba a yin haka. Muka kai maganar fada, fada ta amince baki ɗaya. Mai fotokofi ne kawai ya ba da shawara a riƙa canza tsayuwar ragon, don kada shafi ya gunduri masu kallo. Ba wanda ya kawo zancen a rubuta cewa samfuri ne. Da wani ya kawo, da an yi masa dariya, kamar ya ce a rubuta wa rijiya cewa akwai ruwa a ciki.

Saura uwargida. Na zaci za ta kore mu, amma dattijon ya riga mu. Ya aiko mata da damin harawa da cuku, ya ce ladan tsayuwar rago ne. Makiyayin Tarka ya ji, ya aiko da kanwa. Tsohuwar Ollelewa ta aiko da ɓawon wake. Uwargida ta dubi kayan da suka taru a tsakar gida ta ce, tunda dai labule yana nan, kuma rago da kansa yake ciyar da kansa, ita ba za ta hana shi neman halalinsa ba.

Haka ragon ya zama ma'aikaci na huɗu a kamfani, kuma shi ya fi mu aiki. An ɗauke shi ta dama, an ɗauke shi ta hagu. An ɗauke shi yana kallon gabas kamar mai tunani. An ɗauke shi gaban zana, gaban bango, gaban tabarmar da na riƙe a bayansa. Kowane hoto Injiniya ya sa shi a shafi da sunan garin mai ragon: wannan na Tarka, wannan na Belbeji, wannan na Ollelewa. Ni nake buga sunayen garuruwan da yatsa ɗaya, Injiniya yana jira, ba ya gaggauta ni.

Shugaba ta kira daga Damagaram muryarta cike da murna.

"Kawu, ashe haka Damargu ke da raguna! Duk kyawawa, kamar ƴan gida ɗaya!"

Na ce mata ai ƙasa ɗaya ce, ciyawa ɗaya. A raina na ɗauka ta gane, tana wasa ne. Ita ma ƴar garin nan ce.

Mutane suka yi ta danna "Na kama". Makiyaya suka yi alkawarin kawo ragunan ranar kasuwar ƙarshe. Da safiyar ranar na share biro, Injiniya ya sauko da panon sola daga rufi ya wanke shi ya jingina a bango kusa da ƙofar zaure, ya ce baƙi za su zo, kada su ga kamfani da datti. Ƴan fada suka zo da kayan shayi don tarbar baƙi.

Wajen hantsi motar Damagaram ta tsaya a ƙofar gida maimakon tasha. Tun kafin a buɗe ƙofa muke jin hayaniya. Shugaba ce ta fara sauka, fuskarta kamar wadda ta sha maganin zazzaɓi. Abin da ya faru, kamar yadda ta ba ni labari daga baya, masu sayen duk mota ɗaya suka shigo. An wuce rabin hanya lafiya. Sai wani mushe, wato malamin boko, mai ritaya ya ciro salularsa ya nuna wa na kusa da shi ragon da ya kama a Tarka. Na kusa da shi, jandarma ne cikin farin kaya, ya ce ikon Allah, nasa na Belbeji ma yana da kwalli a ido. Wata Hajiya daga kujerar gaba ta miƙo hannu ta ce a ba ta ta gani. Kafin a iso Tanut an jera wayoyi a kan cinya, an gwada ƙaho da ƙaho.

"Ina darektan?" in ji mushe.

Ƴan fada suka nuna ni, dukkansu, da hannu.

"Malam, ragon nan guda nawa ne?"

"Wanda ke hoto ɗaya ne, ranka ya daɗe. Naku suna kasuwa, kowa da nasa."

"To wannan na wane ne?"

"Samfuri ne."

"Samfuri! Rago ne ko atamfa?"

Na yi musu bayanin buhun gero da tafin hannu, a natse, yadda dattijon ya yi mana. Ban ga alamar ya shige su ba. Jandarma ya ce shi ya nuna wa matarsa da surukarsa wannan ragon, idan ya koma da wani za a ce ya sayar ya sayi ƙarami. Mushe ya ce shi ya fara dannawa, a duba. Hajiya ta ce ita har suna ta sa masa. Shugaba ta ja ni gefe.

"Kawu, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Na zaci kin sani. Wa zai nuna ragonsa na gaskiya?"

"A Damagaram, Kawu! A Damagaram nunawa ake yi!"

"To Allah ya kyauta musu."

Da haƙuri da shayi na kusa shawo kansu su bi ni kasuwa su ga nasu da ido. Mushe har ya karɓi kofi. Sai ragon ya yi kuka daga cikin gida.

Kowa ya tsaya. Maza dai ba su da hanyar wuce zaure, amma Hajiya mace ce. Ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta shige. Muna jin muryoyinsu daga waje.

"Baiwar Allah, faɗi abin da kike so a ba ki."

"Ba na sayarwa ba ne, Hajiya. Kuma ba ki ce tubarkalla ba."

"Na danna tun a gida!"

"Wancan na hoto ne. Wannan mai rai ne."

Uwargida ta ga idon Hajiya ya ƙi sauka daga kan ragon, sai ta kwance shi don ta shigar da shi ɗakinta ta rufe. Rago kuwa tun yana ƙarami bai taɓa jin wuyansa babu turke ba. Ya fizge igiya, ya bi ta tsakar gida, ya ratsa zaure, ya fito fili tsakiyar baƙi. Jandarma ya hau benci. Mai caji ya faɗa kan butar shayi. Wasu suna ta tubarkalla, wasu suna ihu a tare.

Ragon ya tsaya yana huci, ya waiga, sai ya ga panon da Injiniya ya wanke yana sheƙi a jikin bango. A cikin gilashin akwai wani farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho yana harararsa. A lungun uwargida ya girma, bai taɓa haɗuwa da ɗan uwansa ido da ido ba. Ya ja da baya. Na gane abin da zai yi, na san ragunan da suka ja da baya haka, amma tsakanina da shi akwai mushe da kofinsa.

Ƙarar ta kai har bakin kasuwa. Pano ya tsage daga sama har ƙasa, kan ragon ya wuce ya sami bangon da ke baya. Wayar wutar da ta haɗa pano da biro ta fizgo batir daga kan tebur, batir ya jawo kwamfuta. Ragon ya zauna a kan gindinsa yana girgiza kai. Ƙahonsa na dama yana ƙasa, jini yana bin kunnensa.

Uwargida ta fito har ƙofar zaure, abin da ba ta saba yi ba idan akwai baƙi maza, ta durƙusa ta rungume wuyansa, ta danne wurin da gefen zanenta.

Aka kira liman, domin kowa ya san tambayar da ke ransa. Ya duba ƙahon, ya duba jinin, ya tambayi kwana nawa ya rage Sallah, alhali ya sani. Ya ce dabbar da ƙahonta ya karye yana jini ba ta layya har sai ya warke, wannan kuwa ba zai warke kafin jibi ba.

Ban taɓa ganin kasuwar abu ta faɗi da sauri haka ba. Jandarma ya sauko daga benci ya ce dama shi ya fi son mai duhu-duhu. Mushe ya tambaya ko kasuwar da nisa. Hajiya ta tsaya kaɗan, ta ce wa uwargida sannu, Allah ya mayar da alheri, ta bi su. Na ɗauki sandata na shige gaba, suka biyo ni a ƙafa. A kasuwa na haɗa kowa da makiyayinsa, suka shafa baya, suka buɗe baki suka duba haƙori, aka yi ciniki yadda aka saba yi. Dattijon Belbeji ya tambaye ni lafiyar samfuri. Na faɗa masa. Ya dubi ragunansa uku, ya ce alhamdu lillahi da ba su ne a hoton ba.

Da na dawo na tarar an wanke wa ragon ciwo, ma'aikacin dabbobi ya zo ya sa magani ya ɗaure. Shugaba da Injiniya suna zaune a biro gaban kwamfutar da ta ƙi kamawa. Mai gyaran salula ya buɗe ta ya rufe, ya ce a kai Damagaram. Mai pano ya dubi panon da ya sayar mana a tsage, wannan karon bai ce komai a kan rana ba.

Uwargida tana lungu tana ba ragon ƙasari a kwano. Na tsaya a bayanta. Na ce idan ta yarda, ragon da na tanada na gida a yanka shi da sunanta.

"Wannan naka ne, Malam," ta ce, ba ta juyo ba. "Ni nawa nake so."

Can ta ƙara da cewa, "A cikinsu akwai wanda ya danna bai faɗa ba. Na san akwai."

Ranar Sallah aka yanka nawa kamar kowace shekara. Ita ta gyara kayan ciki, ta soya, ta raba wa maƙwabta, ba ta aika wa ƴan uwanta komai da sunanta ba. Ragon yana lungu da ƙyalle a kai yana cin ladan aikinsa, wanda ya ishe shi har damina.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya fada ta zauna aka lissafa abin da ya tafi. Pano ɗaya. Batir ɗaya. Kwamfuta ɗaya, da shafin da ke cikinta, domin Injiniya bai ajiye shi a wani wuri ba. Butar shayi ɗaya da kofi biyu. Ƙaho ɗaya. Layyar uwargida ta shekarar.